YARO MAI ZAƁEN ABINCI: A JAWO SHI BAKIN MURHU

Jawabin kwamitin kula da iyali na ƙungiya, wanda aka gabatar a taron iyaye

 

Masu girma iyayen ƙungiya, malamanmu, shugaba da 'yan majalisarsa, iyayenmu mata, alhazai da hajiyoyi, 'yan'uwa maza da mata da kuka taso daga Hausari, Gwange, Bulabulin, Gamboru, Bolori, Bulunkutu da sauran unguwannin wannan gari na Shehu, muna yi muku barka da zuwa, sannunku da ƙoƙari.

An ɗora wa kwamitinmu nauyin yin magana a kan wani al'amari wanda wani zai ce bai kai a tara manya a kansa ba, watau yaron nan da ake ajiye wa tuwo ya kawar da kai, a ba shi miyar kuka ya ce tana yauƙi, a ba shi kwaɗon zogale ya ce ciyawa ce, amma da an ɗaga ledar biskit ko an ɗora tukunyar Indomie sai ka ga ya matso. Iyaye mata sun sha kawo wannan kuka gaban kwamiti. Shawarar da muka zo da ita guda ɗaya ce tak, kuma ba ta cin ko kwabo: a sa hannun yaron nan cikin girkin gida. Amma kafin mu kai can, bari mu faɗi dalilin da ya sa maganar ta shafe mu.

ME YA SA ABIN YA DAME MU?

Na farko lafiya. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, watau tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, kuma abin ya fi tsanani a Arewa maso Yamma inda akasarinmu muka fito, da Arewa maso Gabas inda muke zaune. Talauci da yawan ciwo su ne manyan dalilai, wannan ba gardama. To amma yaron da gidansu akwai wake da ganye da kifi, shi kuwa ba ya cin komai sai shayi da burodi, ai ya kama hanyar da ɗan gidan da babu ya kama. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yaro ɗan shekara 2 zuwa 5 ya ci aƙalla giram 250 na ganye da kayan lambu da 'ya'yan itace a kullum, watau kwata na kilo, ɗan shekara 6 zuwa 9 kuwa giram 350. Kowa ya auna da abin da ɗansa ya ci jiya.

Na biyu aljihu. Kowa ya san abin da garin nan ya gani. Tun daga 2009 noma ya yi wuya a ƙauyukan da ke ciyar da mu. A watan Fabrairu na 2023 gobara ta cinye Kasuwar Monday, a watan Mayu na shekarar aka janye tallafin man fetur, har a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Ba a gama farfaɗowa ba sai madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya shiga gidajenmu da rumfunanmu. Gidan da ya sha wannan ba shi da halin ɗora tukunya biyu, ɗaya ta gida ɗaya ta ɗan lele, kuma ba shi da halin zubar da tuwon da yaro ya jagwalgwala ya bari.

Na uku gado. Kakanninmu sun zo ƙasar Borno da fatauci da neman karatu, wasu kuma kan hanyarsu ta zuwa Makka a ƙasa suka yada zango, zangon ya zama gida. Tun da aka kafa Yerwa a 1907 zamanin Shehu Garbai ake ta zuwa, da jirgin ƙasa ya iso a 1964 aka ƙaru. Sun zo da ɗanwake da dambu da fate da miyar taushe, suka tarar da burabisko da ndaleyi da danderu a gidajen 'yan'uwanmu Barebari, suka koya, suka haɗa. Arzikin Ba'afune mazaunin Maiduguri ke nan, yana da tukunya biyu na gado. Abin tsoro shi ne a wayi gari ɗanmu bai iya cin na Kano ba, bai iya cin na Borno ba, sai na leda kawai. A kai shi hutu Katsina ko Zariya wajen kaka ya zauna da yunwa, a gayyace shi walima a Shehuri ya ba mu kunya.

BA SANGARTA BA CE KULLUM

To jama'a, yaron da ke zaɓen abinci ba lallai ne sangartacce ba ne. Masana lafiyar yara sun daɗe da gano cewa daga wajen shekara 2 zuwa 6 yawancin yara suna ɗari-ɗari da duk abincin da ba su saba da shi ba. Harshensu ya fi na babba jin ɗaci, ya kuma fi son zaƙi, shi ya sa ɗacin da kai ba ka ji a zogale ko gauta shi yake ji. Bugu da ƙari, jariri yakan ninka nauyin haihuwarsa sau 3 a shekararsa ta farko, daga nan sai girman ya lafa, ya koma ƙarin kilo 2 zuwa 3 a shekara. In girma ya lafa, ci ma sai ya lafa. Uwa ta ga ɗan da jiya yake lashe kwano yau yana ture shi, sai hankalinta ya tashi, alhali kuwa jikinsa ne bai buƙaci da yawa ba.

Har ila yau akwai cikin da aka riga aka cika. Yaron da ya sha alewa da lemon kwalba da ƙarfe 5 na yamma, ina zai sa tuwo bayan magariba? Kuma a nan garin muna da son shayi, har mukan ba yara su kora abinci da shi. Shayi yana cika ɗan cikin nan, yana kuma rage wa jiki amfana da sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye, wanda shi ne ke gina jini.

Ko a cikin tarihin magabata akwai abin lura. Ya zo a hadisi cewa an taɓa kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, naman damo, bai ci ba, ya kuma bayyana cewa ba haramun ba ne, sai dai ba abincin ƙasar mutanensa ba ne, ransa bai karɓa ba. Khalid ɗan Walid ya ci a gabansa. Kun ga ashe rashin sabo yana hana ci, kuma ba laifi ba ne. Maganin rashin sabo kuwa sabo ne, ba bulala ba.

Don haka muna roƙon a bar ɗura. Matse yaro tsakanin cinyoyi a toshe masa hanci a zuba masa kunu yana iya tura kunun cikin huhu, ya jawo ciwon da zai kai asibiti, wani lokaci ma ya kai kabari. A bar tsoratarwa da dodo ko da allura. A wani gwaji da aka buga a Amurka a 2006, an riƙa ba ƙananan yara romo, wani lokaci a matsa musu su shanye, wani lokaci a ƙyale su. Sai aka ga sun fi sha in an ƙyale su, sun kuma fi kushe romon in an matsa musu. A kuma bar cin hanci, irin su “in ka cinye tuwon zan ba ka alewa”, domin abin da yaro zai fahimta shi ne tuwo horo ne, alewa ce lada.

HANNU YA TAƁA, BAKI YA ƊANƊANA

Masu bincike sun nuna cewa sau da yawa sai an gabatar wa yaro sabon abinci sau 10 zuwa 15 kafin ya karɓa. Yawancin iyaye kuwa daga sau 3 sai a yanke hukunci, a ce ai wane ba ya cin kuɓewa. To ta yaya za a sa yaro ya haɗu da kuɓewa sau 15 ba tare da faɗa ba? A bakin murhu. Wanda ya wanke ta, ya ji ƙaiƙayinta a hannu, ya ga 'ya'yanta, ya shaƙi ƙamshin daddawa lokacin da aka jefa, ya riga ya san ta kafin ta zo kwano. Ba baƙuwa ba ce kuma.

An gwada wannan. A ƙasar Suwizalan a 2014 an ɗauki yara 47 'yan shekara 6 zuwa 10, wasu suka yi girki tare da iyayensu, wasu kuma iyayen suka girka su kaɗai, abinci iri ɗaya. Yaran da suka sa hannu sun ci ɗanyen ganye fiye da sauran da kashi 76 cikin 100, naman kaza kuma da kashi 27. A Kanada ma a 2012 an tambayi 'yan aji 5 na firamare sama da 3,000, aka tarar waɗanda suka fi taya girki a gida su suka fi son ganye da 'ya'yan itace.

Amma fa kada wani ya ɗauka Turawa ne suka ƙirƙiro mana. Wace ce a cikin iyayenmu mata da ke zaune nan ba ta yi tuwon ƙasa ba? Wace ce ba a ba ta 'yar tukunya da ɗan tsakin gari ta dafa a gefen murhun uwa ba, ta kuma cinye abinta ko da ya yi gauraki ko ya ƙone? Abin da ya sauya shi ne lokacin yara. Boko da safe, Islamiyya da yamma, da dare talabijin ko wayar uwa, sai yaro ya zama ba ya ganin abinci sai ya zo masa a kwano kamar baƙo a otal.

KOWA DA AIKIN DA YA DACE DA SHI

Ɗan shekara 2 zuwa 3: a ba shi roba da ruwa ya wanke tumatir da karas, ya tsinke ganyen zogale ko alayyafo, ya miƙo ludayi da mara. A riƙa faɗa masa sunan kowane abu.

Ɗan shekara 4 zuwa 5: ya tsince wake da shinkafa, ya yi tankaɗe da ƙaramar rariya, ya marmasa ƙuli-ƙuli, ya matse lemon tsami a kan kwaɗo. Wannan matsewar ba ado ba ce, lemon tsami da tumatir suna taimaka wa jiki ya ɗebi sinadarin ƙarfe daga ganye da wake.

Ɗan shekara 6 zuwa 8: ya daka kayan miya marasa yaji a ƙaramin turmi, ya kwaɓa garin ɗanwake, ya mulmula fura, ya cire ƙayar busasshen kifi, ya auna shinkafa da gwangwani. A nan har lissafin makaranta ya samu.

Ɗan shekara 9 zuwa 12: ya fere kabewa, ya yanka albasa, ya yi talge, ya tuƙa ɗan tuwo a ƙaramar tukunya, ya haɗa miya tun daga farko har ƙarshe, babba na tsaye a kansa.

Abin da ya fi sauƙin farawa da shi shi ne kwaɗo da ɗanwake da dambu, don aikinsu na hannu ne, kuma ba sa ɗaukar lokaci. A ba yaro zaɓi, amma tsakanin abu biyu masu kyau: yau kuka za mu kaɗa ko kuɓewa? Ba a tambayarsa me yake so a dafa. In ana zuwa cefane Kasuwar Gamboru, ko sayen banda a Tashar Baga, a tafi da shi wani lokaci, a bar shi ya zaɓi kabewar da hannunsa, a gaya masa shinkafar nan daga Zabarmari take, kifin nan daga Tafkin Chadi. Wanda ke da ɗan fili a tsakar gida ya dasa zogale, wanda ke gidan haya ya shuka alayyafo a tsohon buhu, a ce wa yaro shi ne mai ban ruwa.

In an sauke, a faɗa a gaban kowa cewa miyar yau da hannun wance a ciki. A zuba wa yaron kaɗan a nasa ɗan kwano, a kan tabarma ɗaya da 'yan'uwansa. Kwanon taro yana da albarka, amma mai jan jiki a ciki yakan tashi da yunwa, kuma uwa ba za ta san nawa ya ci ba. In ya ɗanɗana ya bari, a ɗauke ba tare da magana ba, kuma ba a dafa wani. Wata masaniyar abinci a Amurka, Ellyn Satter, ta tsara abin tun shekarun 1980 da cewa iyaye ke da ikon me za a ci, da yaushe, da kuma ina. Yaro ke da ikon ko zai ci, da nawa zai ci. Kowa ya tsaya a gonarsa.

GA IYAYENMU MAZA

Alhazai, wannan ɓangaren naku ne. Yaro da ido yake koyo. Anas ɗan Malik yana yaro ya raka Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cin abinci gidan wani tela, ya ga yana bin kabewa a cikin kwanon, ya ce tun daga ranar yake son kabewa. Babu wanda ya yi masa wa'azi a kanta. To maigidan da ke ture tuwon gida ya aika a sayo masa tsire, ko yake kushe miya a gaban yara, me yake koya musu? Ko sau 2 a mako a zauna a ci tare da su. In 'yarka ta kawo maka ɗanwaken da ta kwaɓa, ka ci ka sa albarka ko da kanwa ta yi yawa.

Sai maganar 'ya'ya maza. Wasu na cewa namiji a kicin zai zama ɗan daudu. Jama'a, wa ke dafa shayi a bakin titi? Wa ke gasa tsire da balangu? Kakanninmu fatake da suka yi wata da watanni a hanya, wa ya riƙa dafa musu? Ɗanka zai tafi jami'a, zai tafi bautar ƙasa a Kudu, ranar da matarsa za ta kwanta ciwo kuma 'ya'yansa ba za su ci ƙasa ba. Nana A'isha ta ba da labarin cewa Manzon Allah yakan taya iyalinsa aikin gida. 'Ya'ya mata kuma kada a jira sai an sa rana a fara koya musu tuƙin tuwo, ba a fafe gora ranar tafiya.

A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, muna roƙon duk mai girki ta kira yaran gidan gaba ɗaya, nata da na abokiyar zamanta. Sau da yawa ƙin cin da yaro ke yi ranar girkin wata ba daga harshensa ba ne, daga kunnensa ne. Allah ya kyauta.

A KULA DA WUTA DA TSABTA

Murhunmu a ƙasa yake, daidai tsayin mai rarrafe. Saboda haka aikin ƙananan yara a yi shi a tabarma nesa da gawayi da risho da tukunyar gas. Suya da tafasasshen ruwa ba na ɗan ƙasa da shekara 9 ba ne. Kada a zuba kananzir a kwalbar lemo. Attarugu da barkono aikin manya ne. Ɗan ƙasa da shekara 5 kada a bar shi da ƙwayar gyaɗa, tana iya sarƙe shi. In tsautsayi ya sa an ƙone, a yi ta zuba ruwa mai sanyi na minti 20, kada a shafa ƙwai ko manja ko man goge baki, sannan a tafi asibiti. Kafin a taɓa komai kuwa a wanke hannu da sabulu, ɗanyen ganye kuma a wanke shi da ruwa mai tsabta. Ba mu manta da kwalarar da ta biyo bayan ambaliyar 2024 ba.

Mun san wata za ta ce, ni da nake fama da itace da ɗibar ruwa, ina na ga lokacin da yaro zai ɓata mini? Gaskiya ne, a makonnin farko aikin minti 10 zai ci 20, gari zai zube. Shi ya sa ba mu ce kullum ba. Amma a tuna lokacin da ake ɓatawa ana bin yaro da kwano a tsakar gida, a kuma tuna cewa mai zubar da gari a bana shi ne mai sauke miki tukunya nan da shekara 3. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

INDA GIRKI BA YA MAGANI

Akwai ƙin cin da ba na tsirfa ba ne. In yaro yana ramewa, ko ƙafafunsa sun kumbura, ko gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ko tafin hannunsa ya yi fari, ko yana cin ƙasa, ko gudawa da amai sun ƙi tsayawa, ko yana shaƙewa duk lokacin da zai haɗiya, to wannan na likita ne. Tsutsar ciki, ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro da ciwon baki duk suna kashe sha'awar abinci. A kai shi asibitin unguwa a auna. Ga ɗan wata 6 zuwa shekara 5, in tsinken awon damtse ya nuna ja, watau ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, ba a kwana da ita a gida. In abin ya fi ƙarfin na unguwa, za su tura Asibitin Ƙwararru na jiha ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. A guji sayen maganin sa cin abinci a kemis ba da takardar likita ba.

ROƘONMU

Daga ƙarshe, kwamiti yana roƙon kowane gida ya ware rana ɗaya a mako, Alhamis ko Juma'a da yamma lokacin da yawancin makarantun allo da Islamiyya ke hutu, ta zama ranar girkin yara. A fara da abinci ɗaya da yaron ke ƙi, a yi ta maimaitawa har wata 3 ba tare da tilas ba. Iyayenmu tsofaffi da suka iya dambu da fate da burabisko, muna roƙon ku buɗe wa jikokin maƙwabta ƙofa, domin abin da ke hannunku babu shi a littafi. A taro na gaba za mu so mu ji daga bakin iyaye abin da ya yiwu da wanda bai yiwu ba, don mu gyara shawarar tare.

Allah ya raya mana zuriya, ya sa albarka a tukwanenmu, ya zaunar da Borno da Nijeriya lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.